Kayan kaza don mage: na gona ko na ƙanƙara?

Ƙanwata, tsakanin ɗanyen kayan kaza na gona da na ƙanƙara da kike tambaya a kai, gona za ki nufa. Kada ma ki tsaya wasi-wasi.

Shekara uku ke nan magunana biyu suna cin ɗanye, kuma daga wata gonar kaji da ke bayan gari nake ɗauko musu. Ranar da gonar ke yanka wa masu otal nake zuwa, da sassafe, da kulata cike da ƙanƙara. A kan idona ake yankawa, a fige, a farke. Zuwana na farko, dattijon da ke kula da wurin ya daɗe yana kallona da ya ji don mage na sha wannan tafiya. Yanzu kuwa shi da hannunsa yake ware mini zuciya da wuya kafin in iso. Ran da macen ta haihu, sai da ya ƙara mini ƙundu kyauta, wai a kai wa mai jego.

Zuciyar nan ita ce dalilin zuwana. Akwai wani sinadari da likitocin dabbobi ke kira torin, wanda jikin mage ba ya iya samar da isasshensa, dole sai daga nama. In ya yi ƙaranci, a hankali ido ya mutu, zuciya ta yi rauni. Ya fi yawa a zuciya da cinya, tsokar ƙirji kuwa kaɗan gare ta. Kaza ɗaya zuciya ɗaya, don haka sai inda ake yanka da yawa lokaci guda za ki samu abin kirki. Wuya da kan fiffike su ne ƙashin da mage ke iya taunewa, amma ɗanye kawai. Dafaffen ƙashi tsagewa yake yi kamar tsinke ya soki hanji. Hanta kuma a yi hankali. Maguna na son ta kamar me, sai dai yawanta na tara bitamin A ya lalata ƙashi da gaɓoɓi. Ni ba na bari ta wuce kashi 5 cikin 100. Mage mai kilo 4 tana cin kamar giram 100 zuwa 120 a rana, kin ga hantar ba ta fi ɗan yanki ba.

Na ƙanƙara yana da sauƙin samu, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Sau ɗaya na sayi katan, na buɗe na tarar da jini ya daskare a gindin leda, alamar ya narke an sake daskarar da shi, ga wani bashi-bashi. Magunan suka shinshina suka juya, kuɗina ya tafi bola. Torin ma bin ruwan narkewar yake yi ya tsiyaye. Kuma tun 2003 Najeriya ta hana shigo da daskararrun kaji, saboda haka duk wanda aka ce miki na waje ne, ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ya sha rana a mota.

Ga abin da ba ki tambaya ba. Ba kowace gona ce ta Allah ba, haka masu figa a kasuwa. Akwai wanda kaza za ta mace masa da dare, ya yanka mushen da safe ya cusa cikin masu kyau, tunda ya ji don dabba ne. Naman mushe jajawur yake, jini ya kwanta a ciki. Akwai mai sayar da kajin da ake tsakiyar ba su magani. In kika ga farashi ya faɗi warwas ba dalili, ko ana gaggawar kwashe keji, juya ki tafi. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a ƙasar nan a 2006, a wata gona a jihar Kaduna, kuma har yanzu tana dawowa. Tana kashe mage. A 2023 maguna da dama sun mutu da ita a Foland, a ƙarshen 2024 kuma an samu magen da ta mutu a Amurka bayan cin ɗanyen abinci mai naman talo-talo. Firiza ba ta kashe ƙwayar, ba ta kuma kashe salmonela, ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi. Duk lokacin da na ji cutar ta ɓulla a yankinmu, tsokar nake dafawa, in ajiye ƙashi gefe har a samu lafiya.

In kin dawo gida, ki raba na kowace rana a ƙananan ledoji, ki bar na kwana biyu a firji, sauran a firiza. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, sayi na kwana biyu kawai. Wuƙa da katako na mage daban, kwanon a wanke da ruwan zafi da sabulu, kada yara masu rarrafe su kusance shi. Kafin ki fara, kai magenki wurin likitan dabbobi ya auna ta ya duba abin da kika tsara, sannan ki kira gonar ki ji ranar yankansu.