Akwatin gilashi mai ɗaki biyu: shekara guda ina kiwon tsaka a cikinsa

Bara war haka na karɓo akwatin nan daga hannun wani mai aikin alminiyom da gilashi a nan Garwa, can wajen babbar kasuwa. Tsawonsa santimita 120, faɗinsa 45, an raba shi biyu da allon gilashi mai zarewa, murfinsa kuma ragar sauro ce. Sefa 45,000 na biya. Aikin ya yi kyau, babu kaifi a bakin gilashin, sai dai warin gam da ya sa na shanya shi sati guda kafin na saka komai.

Tsaka nake kiwo a ciki. Na san matsayin tsaka a wurin mutanenmu, Inna ta yi kwanaki ba ta leƙa ɗakin ba, tana cewa, "Ɗan nan, ka rasa abin kiwo ne?" Amma waɗannan ba irin ta bango ba ce. Suna da fatar ido, suna lumshewa idan za su yi barci, kuma ba sa iya hawa gilashi, don farce ne a yatsunsu. Ɗaya mai zanen damisa ce, asalinta busassun wurare masu duwatsu na Afganistan, Pakistan da arewa maso yammacin Indiya. Ɗan'uwana ya taho min da ita daga Yawunde a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Sauran biyun, mace da namiji, masu kaurin wutsiya ne, 'yan ƙasarmu, ana samunsu daga Senegal har arewacin Kamaru.

Ranar da zan ɗauki akwatin, mai aikin ya ce min, "Malam, ai tsaka duk tsaka ce. Zare allon su sake." Na bi maganarsa rabi: na bar namijin shi kaɗai, na haɗa matan biyu a ɗaki ɗaya. Nan na yi kuskure, kuma har yau abin yana damuna. Mai zanen damisar ta fi zafin nama. Kafin 'yar gida ta fito daga maɓoyarta, ta cinye gyaren duka. Ga hunturu ya shigo da bushewa. Ita baƙuwar ko a jikinta, amma mai kaurin wutsiya dabbar laima ce, a rami mai danshi take wuni. Cikin sati uku wutsiyarta, inda take ajiye kitse, ta fara zubewa. Da ta yi saɓa, tsohuwar fatar ta maƙale a yatsun ƙafarta ta baya kamar zaren da aka ɗaure. Na jiƙa auduga da ruwan ɗumi ina ja a hankali, tana lumshe ido tana haƙuri, amma kan yatsa ɗaya ya riga ya bushe, ya faɗi. Mutumin gwani ne a aikin gilashi. Shawararsa kan dabba kuwa, kada a ɗauka.

Na fitar da mai zanen damisar zuwa wata babbar roba ita kaɗai, na bar akwatin ga ma'auratan, kowa da ɗakinsa. A nan ne allon tsakiyar ya biya kuɗinsa. Namiji ba ya ɗaga wa mace ƙafa. Idan suna tare kullum, zai dinga cizon wuyanta yana binta har ta daina cin abinci. Sai da ta yi wata biyu tana ci, ina barbaɗa wa gyare garin kalsiyam, wutsiyar ta dawo, sannan na zare allon dare uku na mayar. Wannan ya wadatar, domin macen tana riƙe maniyyi ta yi ta ƙwai, biyu-biyu, 'yan makonni tsakani. Maza biyu kam ko da wasa ba a haɗa su. Gane namiji ba wuya: juya shi, za ka ga kumburi biyu a gindin wutsiya da jerin ƙananan ramuka tsakanin cinyoyi.

Babban aibin akwatin shi ne zafi. Masu kiwo a Turai fitila suke saye don ɗumamawa. Mu a Garwa, a Maris da Afrilu rana tana wuce digiri 40, gilashin kuma ya riƙe zafi. Ƙwai biyun farko haka suka lotsa suka lalace, don na bar su a ciki. Na biyun na ɗauke su yadda na same su, ba tare da na juya su ba, na sa ɗigon biro a samansu, na kwantar a 'yar roba mai jiƙaƙƙen yashi, na zura cikin sabuwar randa da na kafa a yashi ina yayyafa mata ruwa safe da yamma. Ma'aunin zafi yana nuna 29 zuwa 30. Wannan lissafin ba na banza ba ne: a jinsin nan zafin kwanci ne ke yanke mace ko namiji, wajen 27 yawanci mata, wajen 32 yawanci maza. Gab da cika wata biyu ɗaya ya fasa, ɗan mitsitsi mai ratsin ruwan ƙasa, bai kai tsawon yatsana ba.

Shi ne ya nuna min aibi na biyu. Na saka shi a akwatin, ashe akwai 'yar rata a ƙarƙashin allon, na kuwa tsince shi da asuba a ɗakin ubansa, wanda zai iya haɗiye shi. Cinnaka ma suna hawowa, sai da na tsoma ƙafafun teburin a gwangwanayen ruwa.

Duk da haka jiya na koma wurin mai aikin gilashin na ba da aikin na biyu, na mai zanen damisar. Na ce, "Maigida, wannan karon a sa raga a gefe biyu don iska ta ratsa, allon kuma ya zauna daram a ƙasa." Ya ɗauko awo ya rubuta a jikin kwali, ya ce in dawo ranar Asabar.