Na'urar gwajin suga ta "ba huda, ba jini": abin da ta ja mana a azumin da ya wuce

Inna ta shekara takwas da ciwon suga. Ta haƙura da fura mai zaƙi, ta haƙura da lemon kwalba, amma hudar yatsa ta kasa sabawa da ita. Kowace safiya sai an lallashe ta kafin ta miƙo hannu, kan yatsunta duk sun yi kanta. Ga tsadar 'yan tsinkayen gwajin da ake ɗiga wa jini, wanda duk mai jinyar ciwon nan a Gusau ya san yadda kuɗinsu ke hawa duk lokacin da ka leƙa kemis. Shi ya sa ranar da na ga tallar wannan na'ura a status na WhatsApp, wai a maƙala yatsa kawai haske ya karanta suga da iskar oksijin da bugun zuciya, ban tsaya shawara da kowa ba. Na tura kuɗi, bayan kwana huɗu direba ya kira ni na je tasha na karɓo.

'Yar ƙarama ce, kamar abin maƙale shanya, batir biyu take ci. In ka buɗe bakinta za ka ga jan haske a ciki. Takardar da ta zo da ita babu sunan kamfani, babu adireshi, babu lambar NAFDAC. Na lura da hakan, na kau da kai, domin farin cikin da na gani a fuskar Inna ya fi ƙarfina. Ta juya ta a hannu ta ce, "Wagga aba ita za ta raba ni da allura? Allah shi yi maki albarka." Na ɗauki tsohuwar na'urarmu na jefa a durowa.

Sati uku muna gwadawa safe da yamma. Lambar sugan ba ta wuce tsakanin 98 da 112. Har waya na yi wa yayana da ke Talata Mafara na ce masa sugan Inna ya zauna daram tunda aka kama azumi.

Ranar sha bakwai ga azumi ne. Ana zafin nan na bazara da ko inuwa ba ta da daɗi, babu wuta tun dare. Da sahur koko kaɗai Inna ta iya sha, ta haɗiye ƙwayoyinta kamar kullum, har da glibenclamide, ƙwayar da ke sauke suga. Bayan La'asar na same ta zaune a kan darduma ta jingina da bango, zufa ta jiƙa mata kallabi, amma da na taɓa goshinta sai na ji sanyi. Hannunta na rawa, carbi ya faɗi ba ta ma sani ba. Na ce, "Inna, lafiya kuwa?" Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu shekaru da yawa.

Na ruga na ɗauko na'urar na maƙala mata. Suga 106. Na cire na sake a wani yatsan, 104. Wallahi da bakina na ce mata, "Inna ku yi haƙuri, sugan lafiya lau yake, zafi ne da yunwa, saura kaɗan a sha ruwa." Na kawo mafici ina yi mata fifita. Wannan maganar tawa har yau in na tuna ta sai gabana ya faɗi, domin saura fiye da awa ɗaya a kira Magariba, kuma niyyata ke nan mu jira.

Allah ne ya kawo maƙwabciyarmu, nas ce, ta shigo aron turmi. Kallo ɗaya ta yi wa Inna ta ajiye mayafi ta ce, "Maman yara, ina na'urarku ta jini?" Na nuna mata sabuwar. Ko karɓa ba ta yi ba, ta ce in kawo ta hudar. Na zazzage durowa, aka yi sa'a akwai ragowar tsinke uku a gwangwani. Ta huda, ta ɗiga, muka zuba ido. 47.

Duk abin da ya yi ƙasa da 70 sugan ya faɗi ke nan, kuma likitocin da ke ba masu ciwon suga shawara kan azumi sun ce da ya kai nan a karya, ba a jira. Nas ɗin ta ce in dama suga ƙaramin cokali huɗu a ruwa. Inna, a cikin wannan halin ma, ta kau da baki tana cewa ita ba ta karya azuminta. Maƙwabciyar ta durƙusa gabanta ta ce, "Inna, Allah da kansa ya yi wa marar lafiya rangwame, ku sha, kwa rama in kun samu sauƙi." Da ƙyar ta sha. Bayan minti goma sha biyar aka sake hudawa, 81. Zufar ta tsaya, ta gane ni, ta tambayi wa ya zubar mata da carbi. A lokacin ne na sake maƙala mata sabuwar na'urar don in gani da idona. Ta rubuta 105. Da jinin Inna na 47 da yana 81, duk abu ɗaya ta faɗa.

Washegari bayan shan ruwa na gwada ta a kaina. Kafin in sa komai a baki 101. Na ci dabino bakwai, na sha kunu da suga, na jira awa guda, 103. Maigida ya gwada, ɗana ɗan shekara shida ya gwada, kowa yana nan kusa da ɗari. Lamba ce kawai aka ɗora a allon tana ɗan motsi don a ɗauka aiki take.

Na zauna na bi diddigin abin, domin ina son in san ko dukkan maganar haske ƙarya ce. Ashe ba duka ba. Auna oksijin da haske sahihin ilimi ne, wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano hanyar tun shekarun 1970, kuma ita ake amfani da ita a ɗakunan tiyata. Fitila biyu ce a ciki, ja da muke gani da wata da ido ba ya gani. Jinin da ya ƙoshi da oksijin ja ne wur, yana barin jan haske ya wuce, wanda ya rasa kuma ya fi duhu, yana shanye shi. Na'urar na kwatanta yadda hasken biyu ke ratsa yatsa a kowane bugun zuciya, sai ta fitar da lissafi. Jini ne da kansa ke canza launi, shi ya sa abin ke yiwuwa. Suga kuwa ba shi da launi, kuma duk wanda ke yawo a jinin babban mutum bai fi kimanin giram 4 ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya a cikin lita biyar, ga ruwa da kitse da fata duk suna shan hasken. Manyan kamfanoni sun daɗe suna neman hanyar. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba. Hatta na'urar gwajin suga da ake mannawa a dantse ta kwana da kwanaki, akwai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Gargaɗin nan ya riga sayayyata, ni ce labarin bai iso wa ba.

Zan faɗi gaskiya a kan ɓangaren oksijin ɗin, domin ya yi mana rana. Da damina ɗana ya kwana yana tari da zazzaɓi, numfashinsa na fita da sauri. Mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Na maƙala masa a babban yatsa, ta tsaya a 90, na sake, 91. Ba mu jira gari ya waye ba, maigida ya tada mashin muka tafi asibiti. Tasu ta nuna 90, aka ce ciwon huhu ne, aka sa masa oksijin, kwana uku muka yi. A daren nan na ji kamar in yafe mata komai.

Sai dai ko nan ɗin ma ba na sakin jiki. Da Sallah da na yi ƙunshi da baƙin dayis har kan yatsu, ƙin karantawa ta yi gaba ɗaya, sai da na koma yatsan da jan lalle kaɗai ya taɓa. In hannu ya yi sanyi lambar sai ta yi ta tsalle. Abin da ya fi damuna shi ne binciken da likitocin Jami'ar Michigan suka fitar a Disambar 2020, wanda ya nuna irin waɗannan na'urori, har na asibiti, sun fi kuskuren nuna wa baƙar fata lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, kusan ninki uku a kan farar fata. Mu nan duk gidan baƙaƙe ne. In ta asibiti mai suna da lasisi tana iya ƙara mana maki, ina ga wadda ko sunan mai ƙera ta babu? Yanzu in ta nuna ƙasa na yarda na nemi likita, in ta nuna sama kuma yaro na ja da ƙirji, idona nake bi.

Na rubuta wa mai sayarwar duk abin da ya faru, har hoton 47 da 106 na tura masa gefe da gefe. Amsarsa ita ce, "Hajiya, wataƙila ba ki saka yatsan daidai ba." Na ce ba kuɗina nake nema ba, ya cire kalmar suga daga tallar, domin akwai masu allurar insulin da za su dogara da lambar nan. Ya karanta bai amsa ba, da yamma na ga ya toshe ni. Wata ƙawata ta ce har yanzu tallar na nan, da hoton tsohuwa tana murmushi.

Likitan Inna ya canza mata ƙwayar sahur ɗin, ya ce azumi mai zuwa mu zo wata guda kafin a kama a tsara shan maganin. Na yanki baƙin salatif na liƙe wurin lambar sugan a allon, don kada wani a gidan ya gani ya ruɗu ranar da ba na nan. Tsohuwar na'urar ta dawo kan tebur kusa da gadon Inna. Maƙwabciyarmu ta koya min huda gefen yatsa maimakon tsakiya, ya fi sauƙin zafi, kuma ana sauya yatsa kullum. Da safen nan Inna ta miƙo na tsakiya ba tare da na roƙa ba, aka samu 128.