Tana, ƙwayar kanti ko tsutsar firiza: me za ka saya wa aksolotil a Kaduna?

Wanda ya fara ganin aksolotil a akwatin gilashi yakan ɗauka ƙadangare ne ya faɗa ruwa. Dangin kwaɗi ne, asalinsa tafkin Xochimilco da ke birnin Meksiko, inda ruwa ke da sanyi. Yakan kai tsawon santimita 25 zuwa 30, kuma idan ya samu kulawa yana wuce shekara 10. Nama kawai yake ci, ba ya tauna, zuƙe abinci yake yi ɗungurungum.

Kafin ka kashe ko sisi, ka san shekarunsa. Ɗan ƙarami mai tasowa kullum ake ba shi. Wanda ya haura shekara ɗaya kuwa sau biyu ko uku a mako ya wadatar. Ma'aunin a ido yake: leƙa shi ta sama, idan faɗin cikinsa ya yi daidai da faɗin kansa, ya ƙoshi. Idan ciki ya fi kai, rage hannu.

Ni dai tana na sa a gaba. Tana da furotin mai yawa, ba ta saurin ɓata ruwa, kuma da zarar ka riƙo ta da hantsaki ta fara mutsu-mutsu a gaban hancinsa, za ka ga ya ɗago kai ya yi wuf da ita. Babbar tana ɗaya ko biyu sun ishi aksolotil da ya girma, ƙarami kuma a yanka masa gunduwa-gunduwa. Matsalar ita ce inda aka tono ta. Yara za su kawo maka cike da gwangwani daga fadamun bakin Kogin Kaduna a kan kuɗi kaɗan, amma can ake noman kayan miya ana feshin maganin ƙwari, fatar aksolotil kuwa ba ta da juriya ko kaɗan. Ga shi da rani ya shigo ƙasa ta bushe, tana sai ta yi ɓatan dabo. Shi ya sa na koma kiwonta a tsohon bokiti mai huji a gindi: ƙasa mai laima, ɓawon ayaba da na kankana, a ajiye a inuwa. Kafin na miƙa masa sai na ɗauraye ta da ruwa.

Sai ƙwayar abincin kifi. A nan mutane da yawa ke yin asara. Na taɓa sayen mudu guda wajen wani mai sayar da abincin tarwada, ya ce min, “Alhaji, ai duk abin da ke cikin ruwa zai ci wannan.” Ashe mai tasowa sama ce. Aksolotil a ƙasan ruwa yake kiwo, don haka ƙwayoyin suka yi ta yawo a sama har suka kumbura, washegari ruwa ya yi tsami. Nemi mai nutsewa, mai laushi, wadda aka yi don kifaye masu cin nama, furotin ɗinta kashi 40 cikin 100 ko sama da haka. Amfaninta babba ne ranar da tana ta yanke. Sayi ƙaramin ƙunshi, domin zafi da laimar damina suna sa ta fumfuna.

Jar tsutsar nan da ake sayarwa a daskare tana da kyau ga ƙanana, amma ba ta ƙosar da babba. Kuma da yadda ake ɗauke mana wuta, ta narke ta sake daskarewa, ban ga dalilin sayenta ba sai ga mai sola. Naman shanu, busasshen kifi mai gishiri da ƙananan kifayen rafi masu ɗauke da cuta, duk a bar su.

Akwai abin da ya fi zaɓen abinci muhimmanci a garin nan, wato zafi. Aksolotil ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 16 zuwa 18, idan ya haura 24 kuwa ya shiga wahala. A watan Maris da Afrilu, idan ya kau da kai daga abinci, kada ka ruga kasuwa neman wani sabo, fara auna ruwan tukuna. Duk abin da bai ci ba cikin minti 15 a kwashe, don zafi na ruɓar da shi nan take. A kuma cire ƙananan tsakuwa daga ƙasan akwatin, domin yana haɗiye su tare da tana su toshe masa hanji.