Kunshin murjani mai laushi: launi ya yi, amma da ƙwari aka haɗo shi

Wannan kunshin da ake tallata wa sababbin shiga kiwon murjani mai rai a tankin ruwan gishiri, mai yankan murjanin da ake kira Zoanthus kala-kala da ɗan yankin wani murjanin da ake kira koren tauraro, ya iso a ɗaure da kyau, kowane yanki a ledarsa, ruwan bai yi wari ba. Launin ma bai yi nisa da na hoton ba, in dai a ƙarƙashin shuɗiyar fitila aka duba shi, don a farar fitila rabinsu ruwan ƙasa ne. Zuwa nan makin tauraro huɗu na yi niyyar ba shi.

Matsalar ita ce kawunan Zoanthus sun ƙi buɗewa. Kwana biyu ko uku a rufe bayan tafiya ba abin damuwa ba ne, gajiyar hanya ce. Amma idan ma'aunin gishirin ruwa yana nuna 1.025, zafin ruwa yana tsakanin digiri 25 da 26, ƙarfin ruwan na kashe tsami (alkalinity) yana 8 zuwa 9 a ma'auninsa na dKH, an ajiye su a ƙasan tanki inda haske bai yi ƙarfi ba, igiyar ruwa matsakaiciya, kuma har mako ya wuce suna ƙanƙancewa, to ba ruwan ba ne. Wani abu ne ke cin su.

Haka kuwa aka yi. Ƙananan katantanwar teku marasa ɓawo ne, waɗanda ake kira nudibranch, ba su kai santimita ɗaya ba, bayansu cike da 'yan tsirarraki irin na bakin murjanin. Mugun abin shi ne launin abin da suka ci suke ɗauka, don haka a kan koren yanki kore za ka gan su, sai da tocila cikin dare ake kama su suna yawo. A wuyan kawunan da suka rufe kuma ga fararen ƙwayayensu a nannaɗe kamar maganin sauro na coil, ƙanana sosai. Ƙwai ba ya samuwa a cikin leda dare ɗaya. A tankin mai sayarwa aka yi su, shi kuma ya rubuta cewa an tsoma komai a magani kafin a aiko.

To ko da ya tsoma ɗin, magani manya yake kashewa, ba ya taɓa ƙwai. Dole a cire yankin zuwa tankin killacewa, a tsoma shi a ruwan tanki mai ɗigon aidin bisa ma'aunin da ke jikin kwalba, ko a tataccen ruwa mara gishiri mai zafi daidai da na tanki na minti 3 zuwa 5, ana fesa shi da sirinji har ƙwarin su zubo. Wankan ruwa mara gishirin nan Zoanthus ke iya jure shi, kada a gwada shi a kan sauran nau'o'in murjani. Daga nan a kankare ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya da tsinke, a ɓamɓare yankin daga ɗan dandamalin da aka manna shi a kai, a jefar da dandamalin, a sake mannawa a sabo. Ana maimaita wannan duk bayan kwana uku ko huɗu har kusan wata guda, don a riƙa kama waɗanda suka ƙyanƙyashe kafin su yi nasu ƙwan.

Duk wannan aikin da safar hannu da tabarau na kariya ake yin sa. Wasu daga dangin nan, musamman Palythoa, suna ɗauke da dafin palytoxin, yana shiga ta yanka ko ido, kuma kada a kuskura a zuba wa dutsensu tafasasshen ruwa, tururin kansa yana kai mutum asibiti. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu a cikin kwalin, kayan da aka ce na 'yan koyo ne!

Koren tauraron dai ya buɗe ya yi shar, sai dai shi ma a ba shi dutsensa shi kaɗai a kan yashi, in ba haka ba zai mamaye komai. Yanka biyu na Zoanthus sun narke, sauran sun farfaɗo. Da na tura wa mai kayan hoton ƙwayayen, cewa ya yi garantinsa na isowa da rai ne kawai. Tauraro biyu, kuma wanda ba shi da tankin killacewa kada ya saya.