Yaya, ga bayanin mariƙin gorar da ka ce in turo maka

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso har da hoton sabon keken, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ka ce in nemo maka mariƙin gorar ruwa "mai kyau, irin na can", kuma ka ce ƙaramin abu ne, kada in cika ka da surutu. Sai dai ka yi haƙuri da ni. Ni ma da haka na ɗauke shi, sai da na yi asarar gora biyu na kuma lalata ramin noti ɗaya a jikin kekena kafin na san cewa ɗan abin nan yana da nasa ilimin.

Abin da ya fara ba ni mamaki a nan Holan shi ne, ƙasar da kekuna suka fi mutane yawa, amma in ka tsaya bakin tashar jirgin ƙasa ka duba dubban kekunan da aka jera, da ƙyar za ka ga mai mariƙin gora. Keken zirga-zirgar cikin gari yawanci ko ramin ɗaura shi ba a yi masa. Mutum zai je aiki ne ko makaranta, tafiyar minti goma ko ashirin, ruwa na jiransa a can. Mariƙin gora kayan masu keken tsere ne da masu hawan tsaunuka da masu doguwar tafiya, wato irin naka. Su gorar ma ba sa kiranta da sunan kwalba, "bidon" suke ce mata, kalmar da suka aro daga Faransanci.

Albishirin farko, kusan duk duniya awo ɗaya ake bi. Duba jikin firam ɗinka, wato bututan da suka haɗu suka zama gangar jikin keken, a kan bututun da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda, za ka ga noti biyu. Tsakaninsu milimita 64 ne, notin kuma shi ne wanda ake kira M5, kaurinsa milimita 5. Yawancin kekuna suna da wasu biyun a kan bututun da ke ƙarƙashin sirdi. Ita ma gorar keke faɗinta ɗaya ne, wajen milimita 73 zuwa 74, ko mai cin mililita 500 ce ko mai 750, tsawo ne kawai ya bambanta. Tana da wani ɗan kwarmi a kafaɗa inda harshen mariƙin ke shiga ya kama ta. Saboda haka mariƙin da aka ƙera a Italiya zai hau keken da aka ƙera a Taiwan, ya riƙe gorar da aka yi a Amurka, ba gardama. Amma robar ruwan da ake saya a sha a yar ba ta cikin wannan lissafi. Siririya ce kuma ba ta da kwarmin, za ta yi ta rawa a ciki har ramin farko da ka faɗa ya cillar da ita.

Tunda awo ɗaya ne, me ya sa bangon shago guda yake cike da iri-iri? Bambancin yana wajen abin da aka ƙera su da shi da kuma yadda suke riƙo.

Na alminiyam, ƙarfen nan da manya ke kira goran ruwa (ka ga abin dariya, goran ruwa na riƙe gorar ruwa), shi ne mafi sauƙin kuɗi kuma ko'ina akwai shi. Amfaninsa, in ya saki sai ka cire gorar ka matse shi da hannu ya koma daidai. Aibinsa biyu. Da zarar fentin ya goge sai ya riƙa shafa wa gora baƙin zane, sabuwar gora ta koma kamar an jawo ta a ƙasa. Sannan alminiyam ba ya son a yi ta lanƙwasa shi, ranar da ya gaji sai ya karye a wajen walda ba sallama.

Na roba shi ya fi yawa a kekunan da nake gani ranar Lahadi idan masu tsere suka fito ayari. Ba robar bokiti ba ce, ana cakuɗa ta da zaren gilas don ta yi ƙarfi. Kamfanin Elite na Italiya ya yi suna a nan, samfurinsa Custom Race ya daɗe a kan kekunan ƙwararru. 'Yan Holan kuma suna ji da nasu Tacx, duk da cewa Garmin ta saye kamfanin a 2019. Faransawa suna da Zéfal. Na roba ba ya tsatsa, ba ya ɓata gora sosai, nauyinsa giram 30 zuwa 50. Sai dai yadda aka zubo shi haka zai zauna, in bai kama gorarka da kyau ba babu abin da za ka matse. Kuma roba mai araha in ta shekara tana shan rana sai ta bushe ta fara tsagewa.

Sai na kabon, wato wanda ake yi da wani baƙin zare mai ƙarfi marar nauyi, wanda na san shi ne ya ɗauki idonka, don shi ake ɗorawa a hotunan talla. A nan zan ɗan tsaya. Mariƙin kabon yakan yi giram 20 zuwa 30, kuɗinsa kuma ya ninka na roba sau da yawa. To, yi lissafi da kanka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan gora mai 750 in ta cika tana ɗauke da giram 750 na ruwa, ban da nauyin ita kanta gorar. Giram ashirin ɗin da ka rage da kuɗinka bai wuce kurɓi ɗaya ba. Ka ɗaga gora ka sha sau ɗaya, ka riga ka yi abin da kabon zai yi maka. Ɗan tseren da ke hawan tsaunin Alpe d'Huez na Faransa ana ƙirga masa daƙiƙa yana da hujja. Ni da kai kuwa kwalliya ce kawai, kuma ban hana ka kwalliya ba, amma ka san abin da kake saya.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarata ta biyu a nan na yi odar wani na kabon ta intanet, ba suna ba tambari, ga shi baƙi sumul kamar gashin tsuntsu. A kan kwalta mai laushi lafiya lau. Ranar da muka tsallaka Beljiyam muka hau hanyar nan tasu ta duwatsun da aka jera tun zamanin da, ban yi kilomita ɗaya ba sai na ji ƙwal a bayana. Gora ta yi tsalle, abokin da ke bina ya kauce da ƙyar. Da ya taka ta da tayar gaba, da wani labarin ake yi. Na saka ta biyu, ita ma kafin yamma ta bi 'yar'uwarta cikin wani kwalbati. Kilomita talatin ɗin ƙarshe da ruwan roƙo na yi su.

Daga baya na lura da abin da ƙwararru ke yi a tseren Paris-Roubaix, wanda ake yi tun 1896 a arewacin Faransa kan irin waɗannan duwatsu. Mutanen da duk shekara ake auna musu kaya giram-giram, ranar wannan tsere da yawansu sukan koma mariƙin ƙarfe da makaniki ya matse, ko a liƙa wa cikinsa wani tef mai kaushi kamar sandifefa don ya ciji gorar. Wannan ya ishe ni darasi a kan abin da ya fi muhimmanci tsakanin riƙo da rashin nauyi.

Wanda na zauna a kansa yanzu na baƙin ƙarfe ne marar tsatsa. Fitacce a wannan fanni shi ne King Cage, ɗan ƙaramin kamfani a garin Durango na jihar Kolorado a Amurka, inda ake lanƙwasa siririn bututu da hannu. Nasu na ƙarfe marar tsatsa yana kusan giram 50, na titaniyam kuma bai kai 30 ba. Irin wannan ba ya baƙanta gora, ana iya matse shi a buɗe shi, kuma zai iya ganin bayan keken da aka ɗaura shi a kai. Ba shi da kyan gani, kamar waya ce aka murɗe, shi ya sa samari ke wuce shi a shago.

Na ƙura wa hotonka ido, kuma akwai abin da nake so ka duba. Firam ɗinka ba babba ba ne, kuma bututun sama ya karkato ƙasa, don haka filin da ke tsakiya ya matse. Mariƙi na yau da kullum ta sama ake zaro gora daga cikinsa. In fili bai isa ba, doguwar gora za ta riƙa karo da bututun sama, ka yi ta kokawa da ita kana tafe, ido ya bar hanya. Maganinsa mariƙi mai buɗewa ta gefe, kamar Zee Cage na Specialized, kuma kusan kowane kamfani yana da nasa. Akwai na dama akwai na hagu. Ga inda mutane ke kuskure: wanda ke buɗewa dama a bututun gaba, in ka mai da shi bututun ƙarƙashin sirdi hagu zai koma, saboda ya juya fuska. In kana son duka biyun su buɗe wa hannunka na dama, sai ka sayi ɗaya na dama ɗaya na hagu.

Jamusawa kuma sun zo da nasu salon. Fidlock ba shi da keji ko kaɗan, ɗan faranti ne mai maganaɗisu, ka kusanto da gora ta manne, ka murɗa ta fita. Yana da kyau ga matsattsen firam, amma sai da gorarsu ko wata ɗamara tasu da ake ɗaura wa gora. In ta ɓace maka a hanya ba ka iya karɓar ta abokin tafiya ka saka. Ban ba ka shawararsa ba don wannan dalili. Topeak na Taiwan suna da Modula, wanda ake buɗawa a tsuke, shi ne ya dace da mai son ɗaukar kowace irin roba. Wanda kekensa ba shi da ramuka kuma akwai ɗamarar da ake ɗaurewa a bututu, irin su SKS Anywhere. Kada dai wani ya ce zai huda maka firam.

Wajen saye, hanya uku ce a nan. Manyan kantunan kayan wasanni irin Decathlon suna da araha, ka ɗauka da kanka ka gwada gora a ciki ka biya, amma yaron da ke tsaye a wajen ba lallai ya taɓa hawa doguwar hanya ba. Intanet ta fi kowa yawan zaɓi, kuma dokar Tarayyar Turai ta ba ka kwana 14 ka mayar da abin da ka saya ta nan ba tare da ka faɗi dalili ba, ga garantin shekara biyu a kan kayan da suka zo da aibi. Sai dai hoto ba ya gaya maka ƙarfin riƙo. Na uku shi ne ƙaramin shagon makaniki, ya fi tsada kuma wani lokaci sai ka nemi rana kafin a duba maka keke, amma a can na koyi gwajin da nake yi har yau. Wani dattijo ya cika gora da ruwa, ya saka a mariƙin, ya kifar da shi ya girgiza. Mariƙin da gorar ta zame daga cikinsa ya ajiye gefe. Wanda ta zauna a ciki kuma ya miƙo min ya ce in zare ta da hannu ɗaya ina kallon fuskarsa. In sai na duba ƙasa ko na sa ƙarfi, shi ma bai yi ba.

Dattijon nan ne kuma ya gyara min ɓarnar da na yi. A firam ɗin alminiyam da na kabon, ramin notin wani ɗan bututu ne mai zare da aka cusa aka matse a jikin firam. Ni kuwa na ɗaure noti da dukan ƙarfina kamar ina ɗaure tayar mota, abin ya saki ya riƙa juyawa tare da notin, ba gaba ba baya. Don haka in za ka ɗaura, shafa ɗan giris a zaren notin, fara murɗawa da yatsu, sannan ka ƙarasa da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen nan mai shiga cikin kan noti, yawanci mai lamba 4, da zarar ya kama ka tsaya. A bututun ƙarƙashin sirdi kada ka sa dogon noti, yana iya tokare sandar sirdin daga ciki. In kuma maɗaurin giyar gaba ya faɗo tsakanin ramukan biyu, sa washa a ƙarƙashin mariƙin ya ɗan ɗago. Bayan tafiya biyu ko uku ka sake taɓa notukan, girgiza tana kwance su.

Abin da na yanke, zan sa maka biyu a kaya: na ƙarfe marar tsatsa don bututun gaba, da na roba mai buɗewa ta gefe don na baya, da gora biyu, mai 750 da mai 500, da notuka huɗu na ajiya. Kafin nan ka ɗauki tef ka auna min daga notin ƙasa na bututun sirdi zuwa inda ya haɗu da bututun sama, ka kuma gaya min da wane hannu kake ɗaukar gora in kana tafe. Na tuna kai bahago ne a wasu abubuwan, kada in sayo na dama a banza.

A gaida min Umma da yaran.