Hattara da mai tallar "batirin motar soja" a Gusau

Direbobi da masu gareji, ku ji wannan. Akwai wani mutum da ke zagaye da koraye-korayen batura a but ɗin mota, yana kuma tallarsu a WhatsApp, wai lithium ne na motocin soja da aka yi gwanjonsu. Ƙanena ya faɗa hannunsa, naira dubu 170 ya ƙirga masa.

Kwana tara batirin ya yi a bas ɗinsa. Rana ta goma ya tsaya sallar la'asar a hanyar Tsafe, ya dawo ya murɗa makulli, sai ƙas, shiru. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da ake nufi da mota ta mutu maka da yamma, ga fasinja cike, har da mata da goyo. Da turi Allah Ya fitar da su. Da ya kira ni muryarsa rawa take: "Yaya, mutumin nan ya cuce ni."

Washegari mai rewaya ya fasa kwalin a gabana. Ƙananan batura ne na tsofaffin laftof, irin 18650, an lilliƙa su da dalma, wasu sun yi tsatsa. A ƙasa ledar yashi biyu. Babu ko allon BMS mai yanke wuta idan batiri ya yi zafi ko caji ya wuce kima. Wannan abu aka ajiye kusa da inji, a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, don lithium in ya kama wuta ba ya mutuwa da sauƙi.

Gaskiya ne akwai lithium da ake yi don tada motocin yaƙi. Ƙirar da sojojin NATO ke amfani da ita ana kiranta 6T, kuma na lithium ɗinta volt 24 yake bayarwa, guda ɗaya ya maye gurbin batirin ruwa guda biyu. Ke nan da na soja ne da gaske, da ya ƙona wayarin bas mai volt 12. Kuma lithium ya fi batirin ruwa sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, amma shi wannan mutum cewa yake, "Alhaji, ɗaga ka ji nauyi."

Ko lithium mai kyau na sola bai dace da kik ba: allonsa yakan yanke a wajen amp 100, kik ɗin dizal kuwa ɗaruruwa yake ja lokaci guda. Batirin tada mota za ka ga an rubuta CCA a jikinsa, wato yawan amp ɗin da zai iya bayarwa lokacin kik. Na mutumin nan fenti ne kawai da lambobin da aka fesa.

Sannan a halin da Zamfara ke ciki, wa zai so a buɗe masa mota a shingen bincike a ga kaya mai kama da na soja?

Mai tallar ba ya ba da rasit, tsabar kuɗi kawai yake karɓa, lambarsa kuma tun ranar a kashe take. An ce an gan shi wajen Talata Mafara da sauran baturan.