Heda 4-1 ta sitenles ko 4-2-1 ta baƙin ƙarfe: wacce ta dace da injin 1UZ a cikin Marsandi W123?

Assalamu alaikum. Malam, bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba. Ka sauke injin Marsandi 230 samfurin W123, ka ɗora 1UZ-FE na Lexus LS400, sai manifol ɗin hagu, wato abin da ke kwashe hayaƙi daga inji zuwa salansa, ya ci karo da akwatin sitiyari, dole a ƙera sabo. Mai walda na farko ya ce zai yi maka doguwar heda, wato manifol da ake ƙerawa da bututu, 4-1 ta sitenles, bututu huɗu masu tsawo ɗaya su haɗu a wuri guda. Na biyu ya ce 4-2-1 ta baƙin ƙarfe, a fara haɗa bututun biyu-biyu, sannan su zama ɗaya. Kana so ka san wacce za ka biya wa kuɗi.

Ni ta biyun zan zaɓa a wannan motar, amma ka ji dalilan tukuna, domin akwai yanayin da ta farko ce za ta fi.

Mu fara da wuri, tunda shi ya haifar da maganar. An ƙera W123 daga 1976 zuwa farkon 1986, kuma kamfanin bai taɓa fitar da ita da V8 ba. Injinanta masu silinda huɗu ne, ko biyar na dizal, ko shida, duk a jere ɗaya. Shi kuwa 1UZ, wanda ya fito a 1989, lita 4.0 ne, silinda takwas a jeri biyu, kowane jeri da kamshaf biyu a samansa, shi ya sa kafaɗarsa take da faɗi. Akwatin sitiyarin W123 yana ɗaure ne a jikin shasi ta hagu, daidai inda hayaƙin silindu na baya yake son fita. To lissafa da kanka. Bututu huɗu masu faɗin milimita 38, in ka tara su biyu sama biyu ƙasa, suna neman rata ta kusan santimita 8 ta kowace fuska, ban da sararin da za ka bar musu. A tsarin 4-2-1, abin da zai wuce ta wannan lungun bututu biyu ne masu milimita 45, ɗaya a kan ɗaya, faɗinsu bai kai santimita 5 ba. Wannan bambanci na santimita uku shi ne tsakanin hedar da ta zauna lafiya da wadda sai an bubbuga ta da guduma kafin ta shiga. Kuma bututun da aka lotsa ya riga ya rasa amfanin da aka yi shi dominsa.

Abu biyu sun sauƙaƙa maka aiki a wannan injin. Kik ɗinsa yana cikin kwarin da ke tsakanin jeri biyun, a ƙarƙashin manifol ɗin iska, saboda haka ba ya kan hanyar bututu kamar na V8 ɗin Chevrolet. Fulogai kuma ta saman murfi suke shiga, heda ba za ta hana ka kwance su ba.

Sai batun ƙarfi, wanda na san shi ya ja hankalinka ga 4-1. Duk lokacin da bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, hayaƙin yana fita ne a dunƙule da gudu, ya bar ɗan zuƙo a bayansa. In an tsara bututu daidai, wannan zuƙon yana taimaka wa silinda ta fitar da ragowar hayaƙinta ta ja sabuwar iska. Doguwar 4-1, mai bututu kusan santimita 75 zuwa 90, tana tara wannan taimakon a wuri ɗaya, galibi can sama inda inji ke ihu. Ita 4-2-1 tana raba shi, ba ta kai ta farko a ƙololuwa ba, amma tana ba da ƙarfin ja a tsakiya. 1UZ na farko yana ba da ƙarfin doki 250 a zagaye 5,600 a minti, ƙarfin jansa kuma yana cika a wajen 4,400. Kai da giyabos otomatik, a cikin gari, yawancin tuƙinka tsakanin 1,500 da 3,000 yake. Sau nawa a wata za ka kai allura 5,600?

Akwai kuma abin da mai waldar farko bai faɗa maka ba. Jerin tashin wuta na 1UZ shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2. Silindu 1, 3, 5, 7 suna hagu, 2, 4, 6, 8 suna dama. Duba da kyau: 5 da 7 suna tashi a jere, digiri 90 kacal na juyin inji tsakaninsu, kuma duk a hagu suke. Haka 8 da 4 a dama. Ke nan ko an auna bututun huɗu sun zo tsawo ɗaya cif, hayaƙin ba zai iso mahaɗa a tazara ɗaya ba, biyu za su zo suna gogayya kamar motoci biyu a kan siririyar gada. Wannan ne ya sa masu ƙera motar tsere Ford GT40 suka riƙa tsallaka da bututu daga wannan jeri zuwa wancan, abin da ba shi da wuri a ƙarƙashin bonet ɗin Marsandi. Tsarin 4-2-1 yana rage matsalar ta hanyar zaɓen waɗanda za a aurar: a hagu 1 da 5, sai 3 da 7, a dama 2 da 4, sai 6 da 8. Kowane biyu suna da aƙalla digiri 270 tsakaninsu. Irin wannan tsari ne aka sa wa Shelby GT350 ta 1965, ba sabon abu ba ne. Ka rubuta wa mai walda lambobin nan a takarda, domin in an bar shi da idonsa zai haɗa 5 da 7 tunda maƙwabta ne, kuma wannan shi ne haɗi mafi muni. Gaskiya ɓangaren hagu zai ba shi wahala, don sai bututu ya tsallake bututu kusa da tof, wato kan injin da ake ɗaure heda a jikinsa. Na dama kam sauƙi ne.

Kada ka yarda a ƙara faɗin bututu da sunan ƙarin ƙarfi. Kowace silinda rabin lita ce, milimita 38 ya ishe ta, 41 in ka matsa. Biyun tsakiya 45, mahaɗa ta ƙarshe 57 zuwa 63. In bututu ya yi faɗi da yawa hayaƙi yana rage gudu, zuƙon ya mutu, mota ta yi nauyin tashi.

Yanzu ƙarfen, inda na fi jin tsoron a cuce ka. Sitenles na gaske mai lamba 304, wanda ke da kiromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari, abu ne mai kyau, ba ya tsatsa, yana kuma riƙe zafi a cikin bututu. Amma sharuɗɗansa suna da yawa. Yana buƙatar waldar TIG, wadda ake yi da tsinken tungsten da iskar agon, da sandar ciko 308L, ko 309L in za a haɗa shi da filanjin baƙin ƙarfe, wato farantin da ke ɗaure heda a jikin tof. Dole kuma a cika cikin bututun da agon yayin walda. In ba a yi haka ba, leƙa ciki da tocila za ka ga bayan ɗinkin ya yi baƙi ƙirin, ya yi burtsi-burtsi kamar ƙonannen sukari, kuma daga nan tsagewa take farawa. Sannan sitenles ya fi baƙin ƙarfe miƙewa in ya ɗau zafi. Bututu mai santimita 80 da zafinsa ya ƙaru da digiri 600 zai ƙara kusan milimita 8, na baƙin ƙarfe kusan 6. Doguwar heda mai bututu huɗu da aka ɗinke su kam a mahaɗa ɗaya, kullum tana miƙewa tana komawa, ga ramukan hanya suna girgiza ta. In ɗinkin ba na ƙwararre ba ne, ba za ta daɗe ba.

Ga kuma batun abin da za a sayar maka. Yawancin bututun sitenles da ake yin ƙarfen bene da ƙofar gida da shi mai lamba 201 ne, nikel ɗinsa kaɗan ne, bangonsa siriri, ba a yi shi don zafin hayaƙin da ke haura digiri 700 ba. Maganaɗisu ba zai raba maka shi da 304 ba, dukansu ba sa kama shi sosai. In babu lamba a jikin bututun, kar ka ɗauka.

Baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1.6 ba shi da wannan tsirfar. MIG, waldar da injinta ke turo waya, yana yinsa, TIG yana yinsa, mai waldar gas wanda hannunsa ya faɗa ma yana yinsa da kyau. Aibinsa tsatsa ne, kuma ba zan ɓoye ba, zai yi. Sai dai mu a Arewa ba mu da iskar gishiri ta bakin teku, damina kuma wata huɗu ce zuwa biyar. Da fenti mai jure zafi zai yi maka shekaru. In ya tsage a hanya, duk garin da ka tsaya akwai mai iya ɗinke shi, abin da ba za ka samu da sitenles ba. Abu ɗaya kawai: kada a yi maka da fayif ɗin ruwa mai rufin zinki. Rufin yana narkewa a wajen digiri 420, hayaƙinsa kuma yana sa wa mai walda zazzaɓi.

Ko wanne ka zaɓa, lanƙwasa ita ce rabin aikin. Injin lanƙwasa na masu salansa yana matse cikin kwana, bututun ya tsuke. Ka nemi kwanonin da aka lanƙwasa a masana'anta, masu faɗi ɗaya daga farko har ƙarshe, a yayyanka a jona. In ka zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tsofaffin salansan motocin Beljiyam suna da irin waɗannan kwanoni, sai dai ka zo da abin awo. Wasu suna cika bututu da yashi su gasa su lanƙwasa. Yana yi, amma yashin ya bushe ƙarƙaf, domin mai danshi yana iya fashewa a fuskar mutum.

Filanji ya kai milimita 10, kuma a ɗaure shi a jikin tsohon tof ko farantin ƙarfe mai kauri kafin a yi walda, in ba haka ba zai karkace, gaskit ya riƙa hura. Kar a fara yankan bututu sai injin sit da na giyabos sun zauna zaman ƙarshe. A gwada hanyar da waya mai kauri ko fayif ɗin roba na wayarin, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a cire, a mayar, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ana kallo. Ka tabbata ana iya fitar da hedar ba tare da an ɗaga inji ba. A bar aƙalla santimita 2 tsakaninta da akwatin sitiyari, saboda inji yana jirkicewa in ka taka mai, a sa kuma farantin alminiyam mai ɗan sarari a tsakani. Bututun birki suna wannan ɓangaren. Man birki DOT 4 sabo yana tafasa a digiri 230, in ya tsufa ya sha danshi yana saukowa zuwa wajen 155, kuma ranar da ya tafasa birki zai tafi ƙasa. Wannan ya fi kowane doki da za ka ƙara muhimmanci. Ƙyallen da ake naɗe heda da shi, ban ba ka shawara a kan baƙin ƙarfe ba, yana riƙe danshi ya cinye bututun daga ƙarƙashi.

Sensar iskar oksijin ta zauna bayan mahaɗar ƙarshe ta kowane ɓangare, kanta ya ɗan kalli sama don ruwa kada ya taru a cikinta. Duk wani yoyo kafin sensar zai sa kwamfutar inji ta ɗauka mai ya yi kaɗan ta ƙara, mota ta riƙa shan fetur tana warin ɗanyen mai. Bayan mahaɗa a sa ɗan bututu mai lanƙwasuwa, a kuma rataye salansa daga jikin giyabos don nauyinsa kada ya hau kan heda. A nan ma 4-1 tana da cikas, domin mahaɗarta kan faɗo ƙasa da shasi, inda tudun rage gudu na farko zai gaishe ta. Ka duba robobin da suka toshe ramukan bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, na motar da ta haura shekara arba'in sun riga sun fashe, kuma hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

In kana da 1UZ mai VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, na 1997 zuwa sama, da giya ta hannu, da niyyar canza kamshaf, kuma ka ga aikin TIG na mutumin da idonka ciki da waje, kana da shirin sauya akwatin sitiyari da rak, wato sitiyari mai doguwar sanda mai haƙora, don a sami wuri, to 4-1 ta 304 ta cancanci kuɗinta. In ba haka ba, 4-2-1 ta baƙin ƙarfe. Idan ma an gwada an ga ita ɗin ba za ta wuce ta hagu ba sai an lotsa, a yi gajeriyar heda da bututu huɗu suka haɗu kusa da tof, a yi irinta a dama don ɓangarorin su daidaita. Ka turo hoton lungun hagu daga sama da kuma daga ƙasa, da tef ɗin awo a ɗore tsakanin tof da akwatin sitiyari, sai mu ga ko biyun za su wuce.